Surukata Ta Ce Jaririn a Ɗakinta Zai Riƙa Kwana

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni haifaffiyar Makka ce, kakannina ne suka zo daga ƙasar Katsina, muna zaune wajen Shari'a Mansur gida ɗaya da uwar mijina. Cikin fari gare ni, ya shiga wata 8, kuma daktora ta ce yaron bai juya ba, mai yiwuwa sai an yi mini aiki. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya samu yayata. Ta haihu a wani asibitin kuɗi, aka wuce da jaririn hadana, ɗakin jarirai, ba ta sa shi a ido ba sai washegari, an riga an ɗura masa madarar gwangwani. Da suka dawo gida ya ƙi nono, kafin wata 3 nonon ya ƙafe. Ni kuma Hajiya ta riga ta ce a ɗakinta jaririn zai riƙa kwana har arba'in don in huta, da zamzam da dabino za ta fara masa, kuma wai ba tarbiyya ba ce yarinya ta liƙe wa ɗan fari a gaban manya. Maigidana ya ce a saba masa da kwalba tun farko tunda zan koma makarantar da nake koyarwa, a yaye shi in ya shekara. Ba na son in yi wa kowa rashin kunya. Me zan yi, kuma wata nawa ya kamata in shayar?

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya sa a ji alheri.

Wurin jaririnki shi ne jikinki, tun daga sa'ar da ya faɗo, dare da rana, a asibiti da kuma gida. Ba mai raba ku sai likita, shi ma sai ya faɗi dalilin rashin lafiya, taki ko tasa. "Don uwa ta huta" ba ya cikin dalilan. Hutu kam kina buƙatarsa ƙwarai, amma ana iya samar miki shi ba tare da an ɗauke yaron ba, kuma Hajiya ce za ta fi kowa iya wannan aikin in an san yadda aka bi da ita.

Abin da ya samu yayarki ba gadon gidanku ba ne, kada wata ta ce miki "ai ku ba ku da ruwan nono". Nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake tsotsonsa. Duk sanda jariri ya kama, saƙo kan tafi ƙwaƙwalwa ta saki sinadarai guda 2: furolaktin mai sa jiki ya haɗa nonon, da oksitosin mai matso shi waje. Wannan na biyun shi ne kuma ke tsuke mahaifa ya rage zubar jini, shi ya sa mai jego kan ji mararta na murɗawa in jariri na sha. A kwanakin farko jiki ke auna yawan abin da za a riƙa nema a wurinsa. In ba a nema ba, sai ya ɗauka ba mai buƙata.

Abin da ke fara fitowa dakashi ne, mai kauri, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan. Ƙarancinsa ke tsorata mutane, alhali cikin jariri ranar farko bai wuce ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya ba, cokalin shayi ke nan da 'yan kai. Kakanninmu da yawa matse shi suke yi su zubar, suna ganin ƙazanta ce, ba su san shi ne rigakafin farko da yaro ke samu ba: yana lulluɓe hanjinsa daga ƙwayoyin cuta, yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. To a ce an ɗauki wannan ɗan cikin an cika shi da madara a kwalba. Zai yi barci mai nauyi, ba zai nemi uwarsa ba, nonon uwar ya zauna ba a taɓa shi ba. Ga shi kuma bakin kwalba zuba yake yi ba wahala, nono kuwa sai an wangale baki an yi aiki da harshe. Washegari a kawo mata shi ya kama ya saki yana tsala kuka, a ce bai ƙoshi ba, a ƙaro kwalba. Haka ake yi har nonon ya janye. Yayarki ba ta yi laifin komai ba, tsarin da ta faɗa ciki ne ya ja mata.

Saboda haka aikinki na farko yanzu ne, tun ciki bai kai ga naƙuda ba. A awon da za ki je na gaba ki tambayi daktora dalla-dalla: a nan asibitin jariri yana kwana da uwarsa ko hadana ake kai shi? Ana ɗora shi a ƙirjin uwa da zarar an haife shi? Ana ba shi madara ba tare da an tambayi iyayensa ba? Ba baƙon abu kike nema ba. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, mai matakai 10 da aka sabunta a 2018. Mataki na 4 shi ne a ɗora jariri a jikin uwarsa nan take a taimaka mata ta fara ba shi nono, na 7 kuma uwa da ɗa su kasance tare awa 24 a rana. Akwai asibitocin Saudiyya da suka shiga shirin, ki tambaya ko naku na ciki. In amsoshin ba su kwanta miki ba kuma kuna da halin canzawa, ku canza. In ba hali, ki rubuta buƙatarki da Larabci a takarda, layi 3 sun isa, a sa a fayil ɗinki, maigida kuma ya maimaita da bakinsa ranar da aka kwantar da ke. Mace mai naƙuda ba ta da ƙarfin gardama da nas.

Abin da za ki nema shi ne a goge shi, a kwantar da shi a ƙirjinki ba riga a tsakaninku, a rufa muku mayafi, a bar ku aƙalla awa 1. Zafin jikinki ke ɗumama shi a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ta busawa, numfashinsa da sukarin jininsa su daidaita, kuma yawancin jarirai da kansu suke lalubo nono a wannan lokacin. Awo da wanka suna iya jira, wankan ma shawarar Hukumar Lafiya ita ce a jinkirta shi zuwa awa 24. Allurar bitamin K da rigakafin ciwon hanta kuwa kada ki hana, ki dai roƙa a yi su a gefenki ko a dawo miki da shi da an gama.

In aikin ya tabbata, duk wannan bai rushe ba. Yawanci allurar kashin baya ake yi, idonki biyu, don haka ana iya ɗora miki shi tun a ɗakin tiyata ko da an fito da ke ɗakin farfaɗowa. Nonon kan ɗan yi jinkirin kawowa bayan aiki, wannan kuwa dalili ne na yawaita sa shi, ba na ragewa ba. Ki shayar a kwance ta gefe, ko ki saƙalo shi ta ƙarƙashin hammatarki bisa matashi don kada ya danne ɗinkin. Ki sha maganin ciwon da aka rubuta miki, ki gaya musu kina shayarwa. Abin da ba za ki iya ba a kwana 2 na farko shi ne tashi ki ɗauko shi daga gadonsa, to a nan ake buƙatar mai zaman jinya da za ta miƙo miki shi ta karɓe shi. Ki ajiye wannan gurbin a ranki, za mu dawo kansa.

Akwai lokacin da rabuwa dole ce: bakwaini, wahalar numfashi, faɗuwar sukari, ko ke ki yi zubar jini mai yawa. In haka ta faru kada ki yi musu, lafiyarsa ake nema. Sai dai ki fara tatsar dakashi da hannu a awannin farko, wajen sau 8 a yini da dare, ko ɗigo nawa ya fito a kai masa, ki kuma nemi a bar ki ki riƙa shiga kina rungumarsa. In likitan yara ya ce sai an ƙara masa madara don wani dalili, a ƙara, amma ki roƙa a ba shi da ƙaramin kofi ko sirinji, a kuma faɗa miki zuwa yaushe.

Daren da nake so ki shirya masa shi ne na biyu. Ranar farko jariri barci yake yi, kowa na ta yaba haƙurinsa. Dare na biyu sai ya farka ya ƙi ajiyuwa: ya sha, a kwantar da shi, ya callara kuka, a sake sa shi, haka har asuba. Ke ga gajiya, ga ɗinki na zafi, nonon kuma a taɓa a ji shi laushi kamar ba komai. A wannan daren ne wata mai tausayi za ta ce "yunwa yake ji, a haɗa masa madara ko sau ɗaya", kuma a wannan daren kwalba ta fi shiga rayuwar yara. Ba yunwar banza ba ce, kiran nono yake yi, kuma furolaktin da dare ya fi hauhawa. Tsakanin kwana na 2 da na 4 za ki ji ƙirjinki ya cika ya yi nauyi. Jariri sabon haihuwa kan sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, wani lokaci fiye. Kada ki jira kuka: in ya fara motsa baki, yana juya kai, yana kai hannu baki, ki sa shi. Wannan alamar kuwa ba mai ganinta daga wani ɗaki.

Da me za ki gane yana samu? Da famfas. Daga kwana na 5 ya jiƙa aƙalla 6 a rana, kashinsa ya juya daga baƙi zuwa rawaya, ki ji yana haɗiya. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko ba komai ba ce, yakan mayar cikin mako 2. Amma in ya ƙi sha, ko barci ya yi masa nauyin da ba ya tasuwa, ko zazzaɓi, ko idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ko fitsari ya ɗauke, asibiti za a nufa a lokacin, ba jiƙe-jiƙe ba. Layin Ma'aikatar Lafiya na 937 yana amsawa dare da rana in kina son tambayar likita kafin ku fita. Ciwon kan nono mai tsanani ko tsagewa kuma alama ce bai kama daidai ba, a nemi nas ta gyara kamun tun kuna asibiti.

Sai Hajiya. Ni ban ga mugunta a maganarta ba. Mace ce da ta san wahalar jego, tana ɗokin jikanta, tana son a ce ita ta raine shi. In kika tunkare ta da "daktora ta ce", kin mayar da ita jahila a gidan ɗanta, kuma ba za ta manta ba. Ki bi ta hanyar al'adar da ita kanta take karewa. A gidajenmu tsohuwa ce ke tarewa ɗakin mai jego, maigida ya koma wani ɗakin, ba jariri ake ƙaurar wa ɗakin tsohuwa ba. Kunyar ɗan fari gaskiya ce: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya. Wannan ki riƙe, ba abin da zai rage miki. Amma ko a da, in yarinya ta noƙe don kunya ta ƙi ba ɗanta nono, tsofaffin ne ke tsawata mata su ce "ke karɓe shi ki ba shi ya sha". Aikinsu ke nan tun asali.

Don haka ki roƙe ta, roƙo na gaske: "Hajiya, tsoro nake ji, ban san komai ba, don Allah ke za ki zauna da ni a asibiti, in mun dawo kuma a kawo katifarki ɗakina." Kin ba ta gurbin mai zaman jinya, kin ba ta matsayi, jikanta na hannunta, nono kuma na kusa. Ita ta yi masa wanka, ta sa shi gyatsa, ta canza famfas, ta goya shi bayan ya ƙoshi ke ki samu barcin awa 2, ta tare 'yan barka a falo. Hutun mai jego ke nan. In bakinki ba zai iya ba, mahaifiyarki ko wata gwaggonki ta faɗa mata, manya sun fi jin maganar junansu. In duk an yi ta ƙi, al'ada ta ba ki wata ƙofar: haihuwar fari wankan gida ake zuwa, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya don kin yi arba'in a ɗakin uwarki. Ko a ina kuka kwana, shi dai a kwantar da shi rigingine a ɗan gadonsa dab da naki, ba matashi, ba tulin barguna, kuma kada kowa ya yi barci da shi a kan kujera.

Dabino sunna ce. Asma'u 'yar Abubakar ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba, ta kai shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tauna dabino ya shafa masa a ganɗa. Shafawa ce, ba ciyarwa ba. A lallasa ɗan mitsitsi da yatsa mai tsabta a goga masa, minti 1 ya isa, ana iya yi yana ƙirjinki tare da kiran salla a kunne. In ba a bar kowa ya shigo da wuri ba, ba a tsare nono don jiran dabino, a yi daga baya. Mai mura ko ƙurajen leɓe kada yawunsa ya kusanci bakin jariri. Zamzam kuwa ke ki sha, ki sha da yawa da niyyar lafiyarsa da albarkarsa, a shafa masa a ka. Ɗura wa jariri ruwa, kowane iri ne, yana cike gurbin nono, in ya yi yawa ya tsarma gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin Makka na watan Yuli ya ishe shi, sai dai ya riƙa sha akai-akai. Yansun da sauran jiƙon ciwon ciki su ma a bari. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Abin da za a ƙara masa kawai shi ne ɗigon bitamin D da likita zai rubuta. Tunda ana maganar jego, a sassauta wa kunun kanwa da ruwan wanka mai ƙuna. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego, ga ki kuma da ɗinki a ciki.

Wata nawa? Wata 6 nono zalla, daga nan a fara abinci ana ci gaba da nono har shekara 2. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, har ta ƙara da cewa ko fiye. Kuma tun kafin ta, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Maigida ya karanta ayar har ƙarshe, don kashi mai yawa nasa ne: ci da tufatar mai shayarwa a wuyansa suke, kuma yaye kafin lokacin an halatta shi ne bisa yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba. Ba hukuncin da mutum ɗaya ke yankewa ba ne, shi ko ke. Masu cewa nono bayan shekara ruwa ne, ko wai namiji in ya daɗe yana sha dolo yake zama, ba su da hujja. Tsakanin wata 6 da 12 nono kan ba yaro rabin ƙarfin da yake buƙata ko fiye, a shekara ta biyu kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ranar da gudawa ko zazzaɓi ya hana shi cin komai, nonon kaɗai yake karɓa. In maigida mai son lissafi ne, mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yawaita shayarwa zai ceci yara sama da 800,000 a duk shekara, ke ma yana rage miki haɗarin sankarar mama. Ya kuma shiga kantin magani ya tambayi kuɗin gwangwani ɗaya, ya lissafa na shekara.

Damuwarsa kan aiki tana da tushe, sai dai maganin da ya kawo ne ya yi gaggawa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, bayan gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025, ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da cikakken albashi, in ta dawo kuma tana da awa 1 ta shayarwa a kullum cikin lokacin aiki. Ki duba kwantiraginki, ki yi magana da shugabar makarantar tun yanzu. Makonni 4 zuwa 6 na farko a bar nono ya kafu. Saura mako 2 ko 3 ki koma sai ki fara tatsa kina ajiyewa, Hajiya ta fara koya masa sha da kofi ko kwalba. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji. Aikin makaranta ma da sauƙi: ki ba shi kafin ki fita, ki tatsa lokacin hutun tara, ki dawo da azahar ya ɗora. Ranar da abin da kika tatsa bai isa ba aka cike da madara, ba ki faɗi ba, kuma bai zama dalilin daina shayarwa ba. Azumi in ya zo yana ƙarami, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame, ki tambayi malami yadda za ki rama.

Ina zargin batun yaye a shekara 1 yana da alaƙa da son ƙani da wuri. In an yi miki aiki, mahaifa na son hutun aƙalla wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin, wannan ku ji shi tare daga bakin daktora. Shayarwa na hana ɗaukar ciki ne kawai in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. In kuma Allah ya kawo kwanika, nonon mai ciki ba guba ba ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya ga Rumawa da Farisa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba, ya bari. Abin da ke kwantar da yaran kwanika galibi yayen dare ɗaya ne da ake yi musu a firgice.

In lokacin yayen ya yi, a bi shi sannu. Ki janye sha ɗaya na rana, bayan 'yan kwanaki ki janye wani, na dare ya zama na ƙarshe. Kada a shafa maɗaci a nono, kada a kwashe shi a kai gidan kaka ya farka ba ke ba nono lokaci guda. A kauce wa lokacin da ba shi da lafiya, da tsakiyar zafi, da kwanakin Hajji da gari ke cika da baƙi da mura.